'YA'YAN ALHAJI ƊANBABA TALATIN DA HUƊU

Shafi na 9

Masu cika min waya da saƙo tun jiya, har da wadda ta rantse za ta shigo motar Ibadan ta ƙwace wayar ta ƙarasa rubutun da kanta, to ku huta haka nan. Ga Nana Firdausi da babanta.

*

Nana Firdausi tana shagonta a Sabo, unguwar Hausawan Ibadan, almakashi a hannu tana yanka wa wata mata yadin leshi, wayarta ta ɗauki ƙara. Tana ganin sunan da ya fito ta ajiye almakashin.

Alhaja Sakinat ce, shugabar kwamitin mazauna estet ɗin da suke haya, can bayan Ojoo a hanyar Akinyele. Bayarabiya ce, tsohuwar shugabar makaranta, amma shekara ashirin ta yi tana koyarwa a Zariya, don haka babu damar a yi gulmarta da Hausa tana wurin. Kuma matar nan ba ta kiran mutum don ta ji lafiyarsa.

"Firdausi, ƙarfe huɗu ki same mu a ofishin kwamiti. Ki taho da babanki."

"Alhaja, ejo, don Allah, me kuma ya faru?"

"Takarda ta uku ce a gabana. Ban sa hannu ba tukuna."

Ƙit, ta kashe.

Firdausi ta jawo kujera ta zauna.

Dokar estet a fili take. Takardar gargaɗi ta farko ana miƙo maka da murmushi. Ta biyu a daina gaishe ka. Ta uku kwamiti ya rubuta wa mai gidan, a ba ka kwana talatin ka kwashe komatsanka. Ita kuwa shekara guda cur ta yi tana neman gidan nan. Gidan ƙasa ne, babu matakala ko ɗaya, ga asibitin da ake gasa wa Baba gwiwa a kusa. Sau biyu tsohon nan yana faɗowa daga benen gidansu na Sabo, a na biyun likita ya ja ta gefe ya ce in aka yi na uku ba lallai ya sake tashi ba. In aka kore su, benen nan za su koma, kuma abin da ke cin ranta ke nan.

Takarda ta farko tabarma ce ta jawo ta. Baba ya shimfiɗa abarsa a kan ciyawar nan da ake yi wa aski duk Asabar, ya kafa majalisa da rediyo da butar shayi. Ta biyu albasa ce, buhu shida, ya sa aka baje a wajen ajiye motoci wai ta sha iska. Kwana uku estet na toshe hanci.

To ta uku fa? Wallahi ta duba ta duba ba ta gano ba.

*

Tun daga get ta san akwai magana. Ɗanliti, shugaban masu gadi, dattijon da kullum sai ya gaishe ta har ya tambayi lafiyar motarta, yau yana ɗaga mata ƙarfe ya mayar da ido sama yana kallon gajimare.

Ta sami Alhaji Ɗanbaba a baranda, ƙafa a kan matashi, yana ɓare goro cikin kwanciyar hankali.

"Baba, me ka yi?"

"Sallama dai tukuna, Nana."

"Salamu alaikum. Baba, me ka yi?"

"Wa'alaikumus salam. Azahar na yi, na ci tuwo, na ji labaran duniya."

"Ka shimfiɗa tabarma?"

"Tana ƙarƙashin gado. An sa ta kulle."

"Ka shanya wani abu a katanga?"

"Ko hulata a ɗaki take bushewa."

"An yi daka kafin ƙarfe bakwai? Akuya? Kaza?"

"Nana, ni da ko sauro ya shigo gidan nan sai na tambaye shi wa ya turo masa lamba?"

Ta dube shi. Fuskar nan tas, babu alamar laifi ko ɗigo. Abin da ya ƙara tsorata ta ke nan, don ran albasa ma haka fuskar take.

"Oya, tashi mu je. Ga sandarka."

*

Mutum uku suka tarar a ofis. Alhaja Sakinat a tsakiya, tabarau a kan karan hanci. Barista Nabil, sakataren kwamiti, a damanta, ɗan Sabo ne haihuwa da girma amma tun da ya tare a estet Hausarsa ta koma fita ta hanci. Sai Ɗanliti a tsaye a lungu, ya rungume babban littafin get kamar mai jego.

Alhaja ta gaida Baba da ladabi, har da ɗan rusunawa. Sannan ta buɗe takarda.

"Doka ta bakwai. Baƙo ba ya shiga estet sai mai gida ya tura masa lamba ta waya, kuma ba ya wuce kwana uku. Amma iyalin gida, wato miji, mata, iyaye da 'ya'ya, a rubuta sunansu a littafin get, su shiga su fita babu tambaya. Haka ne?"

"Haka ne, Alhaja."

"Firdausi, ku nawa ne wajen babanki?"

"Ni kaɗai ce. Kowa a Sabo ya sani."

"To littafin get ya ce ku talatin da biyar ne."

Firdausi ta yi dariya, don ta zaci wasa ne. Ta duba, babu wanda ya taya ta.

"Ɗanliti, kawo littafin."

Ɗanliti ya ajiye shi a tebur ya koma lungu da baya da baya.

Tirƙashi! Shafin gida mai lamba goma sha biyu ya cika, an juya baya an cika, har an liƙa wata takarda a ƙasa da salatif. Suna bayan suna. A gaban kowane, wajen da aka ce a rubuta dangantaka da mai gida, an rubuta kalma ɗaya da babban baƙi: ƊA.

Ita dai ta san Baba na yin baƙi. Takan fita shago da safe, ta dawo da yamma ta ga mutum biyu ko uku a ɗakin baya, a ce mata masu wucewa ne. Ta ɗauka lamba yake tura musu kamar yadda ta zauna ta koya masa har sau biyar. Ashe tsohon nan ko sau ɗaya bai taɓa danna abin ba.

Barista Nabil ya gyara wuyan riga.

"Alhaja, bari in karanta ƙorafin maƙwabta. Tankin ruwa ba ya kai la'asar. Butoci suna layi a famfon lambu. Takalma a ƙofar gida goma sha biyu sai ka ce masallacin Juma'a. Sannan matata da idonta ta ga wani mutum zaune a gindin furenmu yana yanke farce da reza."

"Ai tsafta ce," in ji Baba.

"Baba, don Allah!" Firdausi ta ce.

Alhaja ta sa yatsa a kan littafin.

"Baba, a cikin 'ya'yan nan naka akwai Salisu guda uku."

"Sunan yana da albarka."

"Akwai wanda ya rubuta garinsu Maraɗi."

"Ƙasar Allah ce."

"Akwai Malam Ladan. Shekararsa tamanin da ɗaya."

"Allah ya ƙara masa lafiya."

"Baba, kai shekararka saba'in da huɗu."

Baba ya tauna goro.

"To ai shi ne babbansu."

Ɗanliti ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa suna rawa. Firdausi kuwa ji ta yi kamar ta shige ƙarƙashin tebur. Kunya da tsoro suka haɗe mata wuri ɗaya, ga kuma wata dariyar banza tana neman ƙwace mata.

"Wannan ƙarya ce a rubuce," Barista Nabil ya ce yana buga biro a tebur. "Ƙarya ce a littafin hukuma."

Nan fa fuskar Baba ta sauya. Ya ajiye goron.

"Yaro, ban taɓa yin ƙarya a takarda ba. Shekara arba'in ina saukar da fatake a Sabo. Masu goro, masu albasa, masu shanu. Mutum ya sauka a tashar Ojoo bai san kowa ba, bai iya Yarbanci ko na sayen ruwa ba, direba ya ce masa je ka zauren Ɗanbaba. Daga ranar da ya ajiye jakarsa a wurina, ni ne ubansa a garin nan. In ya yi ciwo ni zan kai shi asibiti. In ya yi laifi ni za a kira. In ya mutu ni zan tsaya a kan gawarsa, kuma na tsaya a kan goma sha ɗaya. Takardarku ta tambaye ni mene ne shi a wurina. Me kake so in rubuta? Kwastoma?"

"Wannan a Sabo ne, Baba. Nan estet ne."

"Direbobin Ojoo ba su san na tashi daga aiki ba. Ni ma ba a sanar da ni ba."

Ya ƙura wa Barista ido, ya ɗan karkata kai.

"Tsaya ma tukuna. Kai ba ɗan Muhammad Sani mai barkono ba ne?"

Barista ya gyara zama.

"Wannan ba ya cikin abin da muke tattaunawa."

"Shi ne wallahi! Ga goshin nan. Alhaja, uban yaron nan da buhu biyu ya sauka a garin nan, silifa ɗaya ta tsinke ya ɗaure ta da waya. Shekara tara yana kwana a zaurena, ga minshari, Allah ya jiƙansa. Ni na kai shi kasuwar Bodija na nemo masa rumfa. Ni na je neman auren uwarka, dangin suka ce ina ubansa, na ce ga ni. Ran sunanka ni na raba goro. Da na tsaya jiran lamba ta waya, da yanzu kai ma kana can kana jiran a haife ka."

"Baba, ni ba..."

"In an bi gaskiya jikana ne kai. Ɗanliti, akwai sauran layi a littafin nan? Rubuta shi."

Alhaja Sakinat ta cire tabarau ta shiga goge shi da gefen mayafi, ta daɗe tana gogewa kanta a ƙasa. Barista Nabil dai bai ƙara buga biro ba.

Da ta mayar da tabarau, murmushin ya tafi.

"Baba, na ji ka, kuma na girmama ka. Ni ma na yi baƙunta a Arewa, na san abin da ake nufi da mai masauki. Amma gida sittin ne a estet ɗin nan. Watan jiya an ɗauke janareta a layi na uku, mutane a tsorace suke. Ban ce naka ne suka ɗauka ba."

"Nawa ba sa sata."

"Na yarda. Amma in na bar ka da 'ya'ya talatin da huɗu, gobe kowa zai haifi nasa."

Ta juyo wajen Firdausi, ta tura mata littafin da jan biro.

"Ga abin da zan iya yi miki. Ke ce mai sunan haya. Ki soke sunayen nan duka a gabana, ki sa hannu cewa shafin ya koma gaskiya, ni kuma in yaga takardar. Amma in sunan ƙarya ɗaya ya rage, ko da ɗaya ne, gobe takarda tana hannun mai gidanku."

Firdausi ta sauke numfashi. Alhamdulillahi! Ta ɗauki biron da hannu biyu.

"Baba?"

Ya daɗe yana kallon sandarsa.

"Saboda gwiwar nan ne ko?"

"Saboda kai ne, Baba. Ba zan iya mayar da kai benen nan ba."

"To. Karanto."

"Salisu na ɗaya."

"Mai tattasai. Soke. Zan haɗa shi da wani a Sabo."

"Salisu na biyu."

"Wannan ci gare shi. Soke da kyau."

"Salisu na uku."

"Ban ma san yadda aka yi suka zama uku ba. Soke."

"Malam Ladan."

"Kash. Babban ɗana. A hankali za ki ja layin, ba ya son gaggawa."

Haka suka yi ta tafiya. Tana karantowa, yana ba da tarihi, tana jan layi. Wane ya zo da zazzaɓi, wane matarsa ta haihu yana hanya, wane ya iya shayi. Da farko yana yi yana wasa. Da suka wuce na ashirin sai muryar ta fara yin ƙasa, wasan ya ragu, ya koma cewa "soke" kawai. Firdausi ta ji tausayin ubanta ya kama ta sosai. Ta san ba sunaye take sokewa ba, aikin da ya yi shekara arba'in yana yi ne. Amma ba ta tsaya ba, don gidan ya fi mata komai a wannan lokacin.

Talatin da ɗaya. Talatin da biyu. Talatin da uku.

Saura ɗaya, can ƙasan takardar da aka liƙa.

"Safiyanu."

Ta ɗora biro. Sai hannun Baba ya sauka a kan takardar, ya rufe sunan.

"Wannan ki bar shi."

"Baba, shi ne na ƙarshe fa."

"Na sani. Ki bar shi."

"Ba ka ji abin da Alhaja ta ce ba? Ko ɗaya ne..."

"Ta ce sunan ƙarya."

"To?"

Baba bai dube ta ba. Mutumin da ya gama wanke lauya tas yanzun nan, sai ga shi yana kallon ƙasa.

"Sauran 'ya'yan zaure ne, Nana. Wannan ni na yanka masa rago."

Firdausi ta ɗago kai.

"Wane irin rago?"

"Ragon suna. A Ƙaura Namoda, shekara huɗu kafin in auri mamanki. Na kai goro na daɗe a can, na yi aure, auren bai yi tsawon rai ba. Uwar ta tafi da shi. Bana ya nemo ni."

Firdausi ta jingina da kujera. Shekara talatin da shida tana amsa sunan 'yar Ɗanbaba ɗaya tilo. Ita ta yi jinyar uwa ita kaɗai, ita ta ɗauki uba ita kaɗai, tana kuka tana cewa ina ma Allah ya ba ta ɗan'uwa ko ɗaya. Ashe akwai shi. Ashe ma a ɗakin bayan gidanta yake kwana, tana wuce shi da safe tana ce masa sannu malam.

"Shi ya sa ka cika littafin?" ta ce. "Don ka ɓoye shi a cikinsu?"

"A'a. Su ma 'ya'yana ne. Shi dai na rasa bakin da zan gaya miki."

Barista Nabil ya sami murya.

"Alhaja, ina shaida? Akwai takardar haihuwa? Mutumin da ya ce tsoho mai shekara tamanin da ɗaya ɗansa ne, shi za mu yarda da maganarsa?"

"Babu takarda," in ji Baba. "Lokacin ba a yi."

Alhaja Sakinat ta haɗa hannuwa a kan tebur.

"To magana ta dawo wurinki, Firdausi. In kin soke, na yaga takarda yanzu, kowa ya tafi gida. In kin bar shi, ki rubuta da hannunki cewa yayanki ne. Barista zai bincika, haƙƙinsa ne. In ba a sami abin da ya tabbatar ba, ba zan iya cetonki ba. Kwana talatin."

Firdausi ta dubi biron. Ta dubi gwiwar Baba. Ta dubi hannun da har yanzu bai ɗaga daga kan sunan ba.

Sai rediyon da ke ƙugun Ɗanliti ya yi ƙara. Ya kai kunne, ya saurara, ya ce "to, tsaya," sannan ya matso wajen Firdausi a hankali yana murza hula a hannu.

"Hajiya, daga get ne."

"Mene ne kuma?"

"Safiyanu ne ya dawo daga Bodija. Yaran gadi sun tsayar da shi, sun ce littafi yana ofis."

Ya dubi littafin.

"A ɗaga masa ƙarfe, ko a ce ya juya?"